Maganar jinsi a ƙananan zaɓukan Amurka: inda take kawo ƙuri'a da inda take kayar da mai ita

Akwai wani titi a arewacin jihar Birjiniya ta Amurka da ake kira Route 28. Ma'aikatan da ke zaune a Manassas da kewaye ta kansa suke bi su tafi aiki, kuma kowace safiya sai sun cije: mota ta bi mota, a matsa kaɗan a tsaya, danja bayan danja. An yi shekaru ana tsaki. A zaɓen 2017 wannan titin ne ya yi awon gaba da kujerar Bob Marshall, ɗan majalisar dokokin jiha da ya kusa shekara 26 yana wakiltar yankin.

Marshall ɗan jam'iyyar Republican ne, kuma a shekarar ya kawo ƙudurin da zai tilasta wa kowa shiga ban ɗakin jinsin da aka haife shi da shi a makarantu da gine-ginen gwamnati. Wadda ta fito ta kara da shi, Danica Roem, tsohuwar 'yar jaridar yankin ce, kuma tana cikin mutanen da ƙudurin ya nufa, domin namiji aka haife ta, daga baya ta sauya. Kowa ya ɗauka a kan wannan za a yi kamfen ɗin. Marshall kam a kai ya yi. Ya ƙi zama muhawara da ita, kuma duk inda ya ambace ta "shi" yake cewa. Ita kuwa allunan tallanta maganar gyaran Route 28 suka ɗauka. Ta shekara tara tana ɗauko labaran yankin, ta san mahaɗar da ke riƙe mutane da danjar da ya kamata a cire. Ta kayar da shi da ratar kusan kashi 8 cikin ɗari.

Bayan shekara huɗu, a gundumar da ke maƙwabtaka da wannan, maganar ban ɗakin makaranta ta taimaka wajen ɗora ɗan Republican kan kujerar gwamna. Aka sake shekara huɗu, 'yar takarar da ta so maimaita dabarar ta sha kayen da jam'iyyarta ta daɗe ba ta ga irinsa ba a zaɓen gwamnan jihar. Mutanen Birjiniya ba su canza ra'ayi sau uku cikin shekara takwas ba. To me ya faru?

Sai mun fara daidaita abin da ake faɗa a kai, don Hausa kalma ɗaya gare ta, jinsi, inda Turawa suka raba abin gida biyu: halittar jiki a gefe guda, da yadda mutum ke jin kansa kuma yake so a ɗauke shi a ɗaya gefen. Auren jinsi wata magana ce daban. Kotun ƙolinsu ta halatta shi tun 2015, kuma 'yan takara sun daina tsayawa a kansa. Rigimar yanzu ta masu sauya jinsi ce, musamman yara 'yan makaranta. Yaron da aka haifa namiji ya ce shi mace ce, wane ban ɗaki zai shiga? Zai yi tsere da 'yan mata? Malami zai kira shi da sabon sunan da ya zaɓa, kuma dole ne a gaya wa iyayensa? Waɗanne littattafai za a ajiye a laburaren makaranta? Likita zai iya ba wanda bai kai 18 ba maganin dakatar da balaga?

Mutanen da abin ya shafa kai tsaye ba su da yawa. A 2022 gwamnan jihar Utah, Spencer Cox, wanda shi ma ɗan Republican ne, ya ƙi sa hannu kan dokar hana su wasanni, ya kawo lissafi: cikin ɗalibai kusan 75,000 da ke wasanni a makarantun sakandaren jiharsa, huɗu ne masu sauya jinsi, ɗaya tak ke wasa a ɓangaren 'yan mata. Majalisa ta tsallake shi ta zartar da dokar duk da haka. A ƙarshen 2024 shugaban hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ya gaya wa majalisar dattawa cewa cikin 'yan wasa kusan 510,000, waɗanda ya sani ba su kai goma ba.

Abin da ya sa maganar ta sauko ƙananan zaɓuka shi ne tsarin makarantunsu. A wajenmu ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ke yanke komai daga babban birnin jiha, uba ba shi da inda zai kai ƙara sai ofishin hedimasta. Can kuwa ƙasar ta kasu gundumomin makarantu kusan 13,000, yawancinsu da kwamitin da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Kwamitin ke ɗaukar babban daraktan makarantu ya kuma kore shi, shi ke tsara kasafin kuɗi, kuma kaso mai tsoka na kuɗin daga harajin gidajen mutanen gundumar yake fitowa. Zamansa a buɗe yake, kowa na iya rubuta sunansa a ba shi minti ɗaya ko biyu a gaban makirfo. A da ba mai zuwa sai 'yan tsiraru, kuma a wurare da dama masu fitowa zaɓen kwamitin ba sa wuce ɗaya cikin goma na masu rajista. Inda masu jefa ƙuri'a ba su da yawa haka, iyaye ɗari biyu da ransu ya ɓaci sun isa su juya akalar gunduma.

Idan ra'ayi kawai za a bi, da tuni an gama magana. Binciken cibiyar Pew na 2022 ya nuna kashi 60 cikin ɗari na Amurkawa na ganin jinsin da aka haifi mutum da shi ne ke nuna namiji ne ko mace, sama da kashi 54 na 2017. A maganar wasanni, Gallup ta samu kashi 69 a 2023 da ke cewa kowa ya yi wasa a ɓangaren da aka haife shi. Sai dai a wancan binciken na Pew, kashi 64 sun goyi bayan dokar da za ta hana a kori mai sauya jinsi daga aiki ko a hana shi hayar gida. Wato mutum ɗaya ne ke cewa kada a bar shi ya yi tsere da 'yata, kuma kada a tozarta shi. Ɗan takarar da ya ji rabin farko kawai ya zo yana zagi, ya taka rabi na biyu bai sani ba.

Sannan ra'ayi daban, nauyinsa daban. A watan Satumba na 2024 Gallup ta jera wa masu zaɓe batutuwa 22 ta tambaye su wanne ne ke da matuƙar muhimmanci ga ƙuri'arsu. Tattalin arziki ya zo na ɗaya da kashi 52. Maganar masu sauya jinsi ta zo ta ƙarshe, kashi 18. Mu ma ai mun san wannan halin: mutum zai yi awa guda a majalisar ƙofar gida yana tada jijiyar wuya kan wata magana, ranar zaɓe kuma wanda ya yi wa unguwa kwalbati zai dangwala wa.

Birnin Houston na jihar Texas ya nuna bambancin ƙarara. A 2014 majalisar birnin ta yi dokar hana wariya da ta ƙunshi launin fata da addini da shekaru da juna biyu da wasu abubuwa, har da jinsi. Masu adawa suka kai ta akwatin zaɓe a Nuwamban 2015 da take guda, cewa kada maza su shiga ban ɗakin mata, da talla a talabijin ta wani ƙato yana bin ƙaramar yarinya cikin bayi. Kashi 61 suka yi watsi da dokar. Wata guda bayan haka mutanen birnin suka zaɓi Sylvester Turner magajin gari, alhali yana cikin masu goyon bayan dokar da suka kayar. Da aka ware maganar aka ajiye musu ita kaɗai, sun faɗi ra'ayinsu. Da aka ce su zaɓi mutum, sai ramukan titi da fanshon ma'aikata suka dawo gaba. A shekara mai bi, majalisar jihar Carolina ta Arewa ta yi dokar ban ɗaki cikin yini guda don ta soke wadda birnin Charlotte ya yi. Kamfanoni suka janye, hukumar ƙwallon kwando ta ɗauke babban wasanta na 2017 daga Charlotte zuwa New Orleans. A Nuwamban 2016 Trump ya ci jihar, amma gwamnan jam'iyyarsa da ya sa hannu kan dokar, Pat McCrory, ya faɗi da ƙuri'a kusan 10,000.

Gundumar Loudoun ta jihar Birjiniya, wadda muka ambata a baya a matsayin maƙwabciyar yankin Marshall, ita ce ta sa 'yan Republican suka yarda sun samo makami, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Tana bayan birnin Washington, tana cikin gundumomi mafiya arziki a ƙasar, cike da injiniyoyi da ma'aikatan gwamnatin tarayya da baƙi daga Indiya da wasu ƙasashe. A 2020 Joe Biden ya cinye ta da ratar kusan kashi 25. Amma lokacin annobar korona makarantun yankin sun kusa shekara a rufe, yara na zaune gaban kwamfuta, iyaye na leƙawa a karon farko suna ganin abin da ake koyarwa. Kafin a zo maganar jinsi, zaman kwamitin makarantu ya riga ya zama filin daga: yaushe za a buɗe aji, wa ya ce a sa takunkumi, me ake gaya wa yara kan tarihin bauta da launin fata.

Ran 28 ga Mayun 2021 wani ɗalibi ya yi wa wata ɗaliba fyaɗe a ban ɗakin 'yan mata na wata sakandare a gundumar. An ce siket ne a jikinsa ranar. A daidai lokacin kwamitin na shirin amincewa da tsarin da zai bar ɗalibai su shiga ban ɗakin jinsin da suka ce su ne. A zaman 22 ga Yuni zauren ya cika maƙil, ana ihu ana tafi, har shugabannin zaman suka yanke sauraron jama'a, 'yan sanda suka ce kowa ya watse. A wannan zaman ne aka tambayi babban daraktan makarantu ko an taɓa samun cin zarafi a ban ɗaki, ya ce ba su da rahoton haka, alhali shi da kansa ya aika wa 'yan kwamitin saƙo ranar da abin ya faru. Mahaifin yarinyar na cikin zauren. Gardama ta haɗa shi da wata mata, 'yan sanda suka kayar da shi ƙasa suka ja shi waje, leɓensa na jini, rigarsa ta yaye. Hoton ya zaga ƙasar. Aka mayar da yaron wata sakandaren, a watan Oktoba ya sake cin zarafin wata yarinyar a can, sati huɗu kafin zaɓen gwamna.

Abin da ya fito daga baya bai yi daidai da yadda aka yaɗa labarin a kamfen ba. Sai watan Agusta aka amince da tsarin ban ɗakin, wato bayan abin ya faru, kuma shari'a ta nuna yaron da yarinyar sun san juna tun kafin ranar. Amma kwamitin masu taimaka wa alƙali da ya binciki lamarin ya samu shugabannin makarantun da sakaci da fifita kare kansu, kuma a Disamban 2022 aka kori daraktan. Don haka iyayen da suka ji an yi musu rufa-rufa ba mafarki suka yi ba.

A tsakiyar wannan zafin ne ɗan takarar Democrat, tsohon gwamna Terry McAuliffe, ya faɗa a muhawarar ƙarshen Satumba cewa ba ya ganin ya kamata iyaye su riƙa gaya wa makarantu abin da za su koyar. Baki shi ke yanka wuya. Ɗan takarar Republican, Glenn Youngkin, ya ɗauki jimlar ya mayar da ita talla, ya gina kamfen ɗinsa kan cewa iyaye na da ta cewa, ya ci da ratar kashi 2 a jihar da Biden ya ci da kashi 10 shekara guda kafin nan.

A ganina abin da ya kai mutane rumfar zaɓe a 2021 raini ne. An rufe musu makaranta ba a tambaye su ba, sun zo magana an kashe makirfo, sun yi tambaya an ba su amsar da ba gaskiya ba, sannan mai neman gwamna ya ce ba ruwansu. Ban ɗakin ya zama hoton da ya tattara duk wannan. Youngkin kansa ya gane haka: da wuya ya tsaya yana zagin masu sauya jinsi, kalmar "iyaye" yake ta maimaitawa, ya haɗa da alƙawarin cire harajin kayan abinci. Kuma ko a Loudoun ɗin bai ci ba. Rage ratar ya yi daga kusan 25 zuwa kusan 11, wannan ragin da irinsa a wasu gundumomi ne ya ishe shi.

Waɗanda suka kwaikwaye shi ban ɗakin suka ɗauka suka bar rainin. Ƙungiyar Moms for Liberty, wadda aka kafa a Florida a farkon 2021, ta bazu cikin jihohi tana tsayar da 'yan takarar kwamitin makarantu, kuma da farko sun kama kujeru da dama. Da suka hau sai aikin ya zama na tace littattafan laburare da cire tutoci daga aji da shari'a da malamai. A gundumar Central Bucks ta jihar Pennsylvania, kwamitin ya kashe sama da dala miliyan ɗaya kan lauyoyi don kare kansa daga zargin nuna wariya. Kuɗin harajin gidajen mutane ne. A Nuwamban 2023 'yan Democrat suka kwashe duka kujeru biyar da aka yi takara a kansu. Kafin tsofaffin su sauka suka amince a sallami daraktan da ke tare da su da kusan dala 700,000, abin da ya ƙara wa jama'a haushi. Sabuwar shugabar kwamitin kuma, maimakon Baibul, tarin littattafan da aka so hanawa ta dafa ta yi rantsuwar kama aiki. Ƙididdigar cibiyar Brookings ta nuna kusan ɗaya cikin uku ne kawai na 'yan takarar da ƙungiyar ta mara wa baya a 2023 suka ci. A Loudoun ɗin ma waɗanda Democrat ke goyon baya ne suka samu rinjaye a kwamitin.

Iyayen ba su koma masu goyon bayan abin da suka ƙi a 2021 ba. Binciken Pew na farkon 2025 ya nuna ra'ayin ma ƙara tsauri ya yi, masu cewa a raba wasanni bisa haihuwa sun tashi daga kashi 58 zuwa 66. Gajiya suka yi. Malamai na ajiye aiki, direbobin motar makaranta sun yi ƙaranci, yara ba su farfaɗo daga gurbin da korona ta bari a lissafi da karatu ba, kwamiti kuma na raba dare kan littafin da rabin masu ihun ba su karanta ba. Wanda a da ake gani a matsayin uban da aka raina, yanzu shi ne mai mulkin da ya bar aiki ya kama wani abu.

Zaɓen shugaban ƙasa na 2024 ya sake rikita lissafin. Kamfen ɗin Trump ya tono wata tsohuwar magana ta 2019 inda Kamala Harris ta goyi bayan gwamnati ta biya kuɗin tiyatar sauya jinsi ga fursunoni, ya yi talla da ita, ya riƙa sakawa a tsakiyar wasannin ƙwallon Amurka da maza ke kallo. Jimlar ƙarshen tallar a Hausa za ta zo kamar haka: Kamala ta su ce, Shugaba Trump naka ne. Akwai wasa da kalma a ciki, domin "su" shi ne lamirin da waɗanda ke cewa su ba maza ba ne ba mata ba ke so a kira su da shi. Babbar ƙungiyar da ke tara wa Harris kuɗi ta gwada tallar a kan masu kallo ta samu tana karkatar da su zuwa Trump da kusan kashi 2.7, kamar yadda jaridar New York Times ta ruwaito. Kamfen ɗin Harris bai fitar da tallar mayar da martani ba. Amma dubi inda nauyin jimlar yake: rabinta na biyu. Ana gaya wa mutumin da kuɗin ƙwai da haya suka dame shi cewa wannan matar hankalinta na wani wuri, har kuɗin harajinka za ta kai gidan yari.

Winsome Earle-Sears, mataimakiyar Youngkin, ta ɗauki jimlar kusan kalma da kalma a takararta ta gwamnan Birjiniya a 2025, ta zuba kaso mai yawa na kuɗin tallarta a kai, ta je har zaman kwamitocin makarantun arewacin jihar. Sai dai shekarar ta bambanta. Gwamnatin Trump ta rage dubban ma'aikatan tarayya, kuma Birjiniya na cikin jihohin da suka fi tara su. Daga 1 ga Oktoba gwamnatin tarayya ta rufe saboda rikicin kasafin kuɗi, albashi ya tsaya. Abokiyar karawarta ta jam'iyyar Democrat, Abigail Spanberger, tsohuwar jami'ar leƙen asiri mai 'ya'ya mata uku a makarantun gwamnati, ta riƙa ba da gajeriyar amsa cewa a bar wa iyaye da makarantun kowane yanki su yanke, ta koma kan tsadar rayuwa. Wasu sun kira wannan zamiya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Ta ci da ratar kusan kashi 15, ta zama mace ta farko da ta hau kujerar. Wannan karon Earle-Sears ce mai kallo ya ga hankalinta na wani wuri.

Mai karatu zai ce, in haka ne me ya sa 'yan siyasa ba sa bari? Domin kafin babban zaɓe akwai na fid da gwani, kuma masu fitowa can su ne waɗanda maganar ta fi ci wa rai, a ɓangarorin biyu. Su ne kuma ke aika gudummawar dala ashirin ta waya in an tsokano su. Kujeru da yawa na majalisun jihohi an shata su yadda jam'iyya ɗaya ce ke ci, don haka ɗan majalisa abokin hamayyarsa na cikin gida yake tsoro. Ta wannan hanyar sama da jihohi 20 suka yi dokokin wasanni da na hana magani ga yara, kuma a Yunin 2025 kotun ƙoli ta tabbatar da ta jihar Tennessee.

Inda lamarin ya fi ɗaure kai shi ne wajen Musulmin Amurka, waɗanda tun bayan 2001 yawancinsu suka jingina da Democrat. Hamtramck ƙaramin gari ne a tsakiyar birnin Detroit na jihar Michigan, mutum kusan 28,000. Da na 'yan asalin Poland ne, yanzu Yamalawa da 'yan Bangladesh sun fi yawa. A 2004 aka yi rigimar kiran salla da lasifika, kuma masu sassaucin ra'ayi na cikin waɗanda suka tsaya wa Musulmi har aka amince. Zuwa 2022 magajin gari, Amer Ghalib, haifaffen Yaman, da dukan kansilolin Musulmi ne. A Yunin 2023 suka kaɗa ƙuri'a baki ɗaya suka hana ɗaga tutar masu neman jinsi ɗaya a kan kadarorin gari, tare da duk wata tutar addini ko siyasa. Zaman ya ɗauki sa'o'i, har wata mata ta tsaya gaban kansilolin ta sumbaci abokiyarta don nuna adawa. Tsohuwar magajiyar garin ta ce ji suke an ci amanarsu. A Dearborn da ke kusa, inda Larabawa suka fi yawa, ɗaruruwan iyaye sun cika zaman kwamitin makarantu a Oktoban 2022 kan littattafai har aka tashi ba a gama ba.

Ga Republican wannan kamar ƙofa ce ta buɗe, kuma a 2024 ƙuri'un da Democrat ke samu a garuruwan biyu sun ragu sosai. Ghalib ya fito ya goyi bayan Trump. A Dearborn Trump ya samu kusan kashi 42, Harris 36. To amma ina sauran? Kashi 18 sun tafi wajen Jill Stein ta jam'iyyar Green, wadda a maganar jinsi ta fi Harris nisa da ra'ayin waɗannan iyayen. Wanda littafin laburare ne ya kore shi daga Democrat ba zai je can ba. Gaza da Labanan ne suka kai shi. A Nuwamban 2022, wata guda bayan hayaniyar littattafan, lokacin ba a fara yaƙin ba, gwamnar Democrat Gretchen Whitmer ta ci Dearborn, ko da yake ratarta ta ragu.

Iyayen gundumar Montgomery a Maryland wata hanyar suka bi. Da hukumar makarantu ta shigo da littattafan labarai masu irin wannan jigo a firamare, sannan a 2023 ta soke damar cire yaro daga darasin, Musulmi da Kiristocin Habasha da wasu suka yi ta zanga-zanga. Ba su nemi a kwashe littattafan ba, izinin fitar da 'ya'yansu daga ajin suka nema. Gunduma ce da Democrat ke ci ba hamayya, ƙuri'arsu ba za ta girgiza kowa ba, sai suka tafi kotu. Ran 27 ga Yunin 2025 kotun ƙoli ta ba su gaskiya da alƙalai shida cikin tara, a shari'ar da ke ɗauke da sunan wani iyalin Musulmi, Mahmoud.

'Yan'uwanmu na zangunan Ghana sun ga wata fuskar abin. Majalisarsu ta zartar da doka mai tsauri kan masu neman jinsi ɗaya a Fabrairun 2024, Shugaba Akufo-Addo bai sa hannu ba, aka yi ta wa'azi a kai a masallatai da coci-coci. Amma da Mahama da Bawumia duk sun ce addininsu bai yarda da abin ba, don haka ba ta raba su ba, kuma faɗuwar sidi da tsadar kaya suka yanke hukunci a zaɓen shugaban ƙasa na Disamba.

A zaɓen Birjiniya na 2025 akwai wata takarar da ba a yi surutu a kanta ba kamar ta gwamna, ta mataimakin gwamna, wanda can daban ake zaɓensa. Republican, jam'iyyar da ta fi kusa da ra'ayin uba Musulmi mai ra'ayin riƙau kan makaranta, ta tsayar da John Reid, mai gabatar da shiri a rediyo wanda bai ɓoye cewa shi mai neman maza ne ba; Youngkin ma ya nemi ya janye a watan Afrilu ya ƙi. Democrat, jam'iyyar da uban ke zargi da shigo da littattafan, ta tsayar da Ghazala Hashmi, haifaffiyar Hyderabad ta Indiya, tsohuwar malamar kwaleji, shugabar kwamitin ilimi da lafiya a majalisar dattawan jihar, kuma mai goyon bayan kare ɗalibai masu sauya jinsi. Reid ya yi kamfen kan raba ban ɗaki da wasanni bisa haihuwa. Hashmi ta ci da ratar sama da kashi 10, ta zama Musulma ta farko da aka zaɓa a kujerar da ta shafi jiha baki ɗaya a tarihin Amurka.